KAMA DA WANE BA TA WANE: TARIHIN 22/7 DA Math.PI

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya da na sarauta, mu bi tarihin wata lamba guda ɗaya, wadda kusan dukkanmu mun haddace ta a aji, kuma kusan dukkanmu mun ɗauke ta a matsayin da ba nata ba.

Ga abin da ya jawo maganar. Wani ƙanenmu a Gwarzo, da ke koyon haɗa shafin intanet a wayarsa, ya yi wa wani mai walda ɗan shafi na lissafa ruwan da tanki mai zagaye zai ci. Ka sa faɗi, ka sa tsawo, ya ba ka lita. Aka gwada da tanki mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2, shafin ya ce lita 6,285.7. Mai waldar ya ciro kalkuleta mai maɓallin Pai ya danna, ta ce 6,283.2. Lita biyu da rabi ba abin faɗa ba ne, amma daga ranar mai waldar ya daina yarda da shafin. Da yaron ya kawo mana kuka, cewa ya yi, "Yaya, ni fa ban yi kuskure ba. 22/7 na sa, yadda aka koya mana."

Gaskiyarsa, haka aka koya mana. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne 22/7 ba ita ce Pai ba, mai kama da ita ce. Kuma harshen da yake rubuta shafin da shi, wato JavaScript, ya riga ya ajiye masa wadda ta fi ta, mai suna Math.PI. Domin mu gane dalilin da ya sa aka ajiye ta, sai mun koma baya.

IGIYA DA TURKE

Duk wanda ya taso a Getso ko Garo ko ƙauyukan da ke kewaye ya ga yadda ake fitar da harsashin rumbu ko na ɗaki mai zagaye. Magini zai kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya, ya ja ta ta miƙe, ya zagaya yana zana ƙasa da tsinke. Haka ma mai haƙar rijiya. To da a ce za ka auna faɗin wannan da'ira daga baki zuwa baki ta kan turken, ka yanki igiya daidai wannan tsawo, ka bi zanen da ita, za ka ga ta shiga sau uku, sannan wani ɗan guntu ya rage. Ka gwada da faifai, ka gwada da bakin randa, ka gwada da bututun ban-ruwa na masu noman rani a Guzu-Guzu, amsar ba ta canzawa: uku da ɗan guntu.

Wannan "uku da ɗan guntu" ita ce Pai. Tarihinta gaba ɗaya tarihin tambaya ɗaya ne: guntun nan, nawa ne shi? Magini ba ya buƙatar amsar, domin laka tana yafe kuskure, idan tubali ya gaza sai a cike da kwaɓi. Masu buƙatar amsar su ne waɗanda suke lissafi kafin aiki: mai ƙiyasta hatsi, mai karɓar haraji, mai duban taurari, yau kuma mai rubuta manhaja.

RUMBUN MASAR

Abin sha'awa, ɗaya daga tsofaffin rubuce-rubucen da suka taɓo wannan lamba a kan rumbu yake magana. Wani magatakarda a tsohuwar Masar mai suna Ahmes ya kwafi wani littafin lissafi fiye da shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani Bature mai suna Henry Rhind ya sayi takardar a Luksor a 1858, yanzu tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. A ciki akwai tambaya a kan rumbu mai zagaye, faɗinsa kamu 9, tsawonsa kamu 10. Dabararsu ita ce: cire kashi ɗaya cikin tara na faɗin, saura 8. Ninka 8 da kanta, 64. Ninka da tsawo, 640. Da lissafin yau amsar 636 ce da 'yan kai. Wato Pai ɗinsu ta kama kusan 3.16. Mutanen Babila kuma an samu allonsu da ke nuna 3 da ɗaya bisa takwas, wato 3.125. Ɗaya ya zarce, ɗaya ya gaza, amma kowanne ya ishi mai auna hatsi.

INDA 22/7 TA FITO

Mutumin da aka fi danganta 22/7 da shi shi ne Akimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi bai auna da igiya ba. Ya zana siffa mai gefe shida a cikin da'ira, da wata a wajenta, ya yi ta ninka gefunan: 12, 24, 48, har 96. Kewayen da'irar dole ya fi na siffar ciki, ya kuma gaza na siffar waje. Da haka ya tabbatar cewa Pai ta fi 223/71, amma ba ta kai 22/7 ba.

Mu lura da wannan da kyau. Wanda ya ba mu 22/7 bai ce ita ce Pai ba. Cewa ya yi Pai tana ƙasa da ita. Katanga ya gina, ya ce dabbar tana cikin garken nan, mu kuma muka kama katangar muka ce ita ce dabbar. Idan aka raba 22 gida 7 za a samu 3.142857, alhali Pai tana farawa da 3.141592. Tun daga lamba ta uku bayan ɗigo suka raba hanya.

A ƙasar Sin, Zu Chongzhi, wanda ya rasu a shekara ta 500, ya fito da 355/113, wadda ta dace har lamba shida bayan ɗigo. A Indiya, Aryabhata ya ba da 3.1416 a shekara ta 499.

BAGADAZA DA SAMARƘANDI

A farkon ƙarni na 9, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da masu manhaja suke kiran tsararrun matakan warware matsala da ita. A babin awo ya kawo ƙima uku: 3 da ɗaya bisa bakwai, wato 22/7 ke nan, ta amfanin yau da kullum; sai tushen 10, ta masu ilimin zane; sai 62,832 bisa 20,000, wato 3.1416, ta masu ilimin taurari. Ya kuma nuna cewa kusantarwa ce. Darasin da ƙanenmu ya rasa ke nan, an rubuta shi shekara 1,200 da suka wuce: kowane aiki da irin ƙimar da ta dace da shi.

Sai 1424, a Samarƙandi, a fadar Ulug Beg, Jamshid Alkashi ya kammala wata risala a kan kewayen da'ira. Ya bi hanyar Akimidis, amma siffarsa gefenta 805,306,368. Burinsa shi ne ko da kewayen sararin samaniya aka lissafa, bisa girman da masanan zamaninsa suka ƙiyasta, kada kuskuren ya kai kaurin gashin doki. Ya samu lamba 16 bayan ɗigo, duk daidai, da alƙalami da tawada. Aka yi fiye da shekara 170 kafin Ludolph van Ceulen a Holan ya wuce shi. Mu riƙe wannan adadi na 16, za mu dawo kansa.

SUNA, KUSKUREN KWAFI, DA DOKA

Duk wannan zamani lambar ba ta da gajeren suna, sai doguwar jimla. William Jones ne ya sa mata harafin Girkanci π a littafinsa na 1706, Leonhard Euler ya ɗauka, duniya ta bi. A shekarun 1760 Johann Lambert ya tabbatar da abin da ya rufe ƙofa: babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya su ba da Pai daidai. Ba 22/7 ba, ba 355/113 ba, ba wata da za a gano gobe ba. Lambobinta bayan ɗigo ba sa ƙarewa, ba sa kuma komawa su riƙa maimaita zubi ɗaya.

Labari biyu daga ƙarni na 19 sun shafe mu kai tsaye. Na farko, William Shanks a Ingila ya kwashe shekaru yana lissafi da hannu, ya buga lamba 707 a 1873. Aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi har shekara 70 da ɗoriya. Sai a tsakiyar shekarun 1940 D. F. Ferguson ya gano cewa 527 na farko ne kawai daidai, sauran duk ɓata ne. Kuskure ɗaya ya haifi fiye da ɗari, kuma kowa ya kwafa bisa amana.

Na biyu, a 1897 majalisar wakilan jihar Indiyana ta Amurka ta amince da wani ƙuduri, 67 ba hamayya, wanda wani likita mai suna Edwin Goodwin ya kawo. Lissafin da ke ciki yana mayar da Pai 3.2. Allah Ya sa wani farfesan lissafi na Jami'ar Purdue, Clarence Waldo, ya je majalisar kan wata buƙata daban, ya ji abin da ake ciki, ya wayar wa 'yan majalisar dattawa kai, aka jingine ƙudurin. Har yau bai zama doka ba.

YADDA TA ZO AJINMU

Mu kuma ta hanyar makarantar boko 22/7 ta zauna mana a ka. Duk wanda ya rubuta jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko NECO da ta zo a 1999, ya san umarnin da ake maƙalawa a ƙarshen tambaya cewa a ɗauki Pai a matsayin 22/7. Ku tuna irin lambobin da ake ba mu: 7, 14, 21, 3.5. Da gangan ake zaɓarsu, domin bakwai ta cinye bakwai, ɗalibi ya gama da biro ba tare da dogon rabawa ba. Dabara ce mai kyau ta allo da alli. Umarnin ma "ɗauka" ya ce, bai ce "ita ce" ba. Mu ne muka bar kalmar a ɗakin jarrabawa muka fito da lambar.

YADDA TA SHIGA BURAUZA

A 1949 kwamfutar ENIAC ta fitar da lamba 2,037 cikin kimanin awa 70. Daga nan neman lambobin ya zama aikin inji. Amma sai wata matsalar ta taso: kowane kamfani da yadda kwamfutarsa take ajiye lamba mai ɗigo, har lissafi ɗaya ya riƙa ba da amsa biyu. A 1985 aka fitar da ƙa'idar IEEE 754, wadda a cikinta akwai tsarin ajiye lamba a gurbi 64, mai riƙe lambobi 15 zuwa 17 masu ma'ana. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape, a 1997 aka rubuta masa ƙa'ida mai suna ECMAScript. Wannan tsari na gurbi 64 aka ɗauka, aka kuma tanadi wani akwati mai suna Math, da kafaffun lambobi takwas a ciki: PI, E, SQRT2, SQRT1_2, LN2, LN10, LOG2E da LOG10E.

Idan ka rubuta Math.PI, abin da za ka gani shi ne 3.141592653589793. Ƙirga: lamba 15 bayan ɗigo. Wato Alkashi da alƙalaminsa ya fi abin da burauzarka take nuna maka da lamba ɗaya. Duk da haka wannan ƙima ita ce injiniyoyin hukumar NASA suka ce suna amfani da ita wajen lissafin tafiyar kumbo tsakanin duniyoyi. In ta ishe su, ta ishi tankin Gwarzo.

To mene ne girman asarar idan aka ƙi amfani da ita? Mu faɗi gaskiya, a ƙaramin aiki kaɗan ce. A tankin gari mai faɗin mita 10 da tsawon mita 4, amsa ita ce lita 314,159. Da 22/7 za a ƙara lita 126, jarka biyar ke nan. Da 3.14 za a rage lita 159. Inda abin yake muni shi ne wajen juyi. Kowane zagaye da aka lissafa da 22/7 yana zarcewa da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na digiri. Kibiyar da ta juya sau 1,000, wadda ya kamata ta dawo inda ta tashi, za ta kauce da kusan digiri 145. Da yayyafi kogi kan cika. Sannan ga ciwon Shanks: mai buga 3.14159 daga ka, wata rana yatsa zai zame ya buga 3.14195, kuma ba wanda zai lura. Suna kuwa, in ka kuskure shi, da wuri za ka gani.

TARKUNAN DA KE KAMA SABON SHIGA

Na ɗaya, babban baƙi da ƙarami. Math da babban M take farawa, PI kuma duka manya ne. Ka rubuta Math.pi, babu gargaɗi, kawai za a ce ba a san ta ba, idan ka ninka ta da wata lamba sai ka ga NaN, ma'ana wannan ba lamba ba ce. Ruɗanin yana zuwa ne domin a harshen Python math.pi ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, a PHP kuma M_PI. Kowane gida da al'adarsa.

Na biyu, baka. Math.PI ajiyayyiyar ƙima ce, ba aiki ba ce da za a kira. Ka sa mata baka biyu a gaba, shirin zai tsaya da saƙon kuskure.

Na uku, ba a sauya ta. Ka rubuta cewa Math.PI ta zama 3, burauza za ta yi kunnen uwar shegu da kai, in kuma kana cikin tsarin tsanani ta jefo maka kuskure. Abin da majalisar Indiyana ta so yi, a nan an kulle ƙofarsa tun farko.

Na huɗu, kuma shi ne mafi hatsari, digiri da radiyan. A aji mun haddace cewa sin na digiri 30 rabi ne. Ka rubuta Math.sin(30), amsar da za ta fito kusan -0.988 ce. Dalili, Math ba ta jin digiri, radiyan take ji, inda rabin zagaye yake daidai da Pai. Sai ka ninka digirin da Math.PI ka raba da 180 kafin ka miƙa mata. Yara da yawa suna son fara gwaji da shafin nuna alƙibla. Daga Gwarzo alƙibla tana kusan digiri 68 daga arewa idan aka karkata gabas. Wanda ya manta wannan juyi, shafinsa zai fitar da lamba cikin natsuwa, ba saƙon kuskure ko ɗaya, mutane su bi kibiyar da ba ta san inda ta dosa ba.

Na biyar, ita kanta Math.PI kusantarwa ce, tunda Lambert ya riga ya gaya mana ba gurbin da zai ɗauke Pai duka. Shi ya sa Math.sin(Math.PI) ba ta ba da sifili cif, sai sifili da ɗigo da sifili 15 sannan 122 su biyo. Don haka ba a tambayar kwamfuta ko amsa ta yi daidai da sifili, ana tambayarta ko ta yi kusa ƙwarai. Kuma ba a datse lamba a tsakiyar lissafi, sai a ƙarshe lokacin nuna wa mai karatu.

Sauran 'yan akwatin ma suna da nasu tarihin. Math.SQRT2, wato 1.4142135623730951, akwai ƙimar da ta yi kusa da ita a kan wani allon yumɓu na Babila da ke Jami'ar Yale, mai shekara fiye da 3,500. Ita ce ke gaya maka cewa fuloti mai ƙafa 50 a kowane gefe, daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 70.7 ne. Ita ce kuma sirrin takardar A4 da muke buga rubutunmu a kai: raba milimita 297 da 210 ka gani. Math.E, wato 2.718281828459045, Jacob Bernoulli ne ya ci karo da ita a 1683 yana nazarin kuɗin da ke hauhawa a kan kansa. Tarkonta shi ne Math.log a kanta ta dogara, ba a kan 10 ba kamar teburin log da muka riƙe a sakandare. Math.log(100) tana ba da 4.605, mai son 2 sai ya kira Math.log10.

RABONMU A CIKI, MU MARUBUTA

Ƙanenmu ya goge 22/7 ya sa Math.PI, shafi da kalkuleta suka yi baki ɗaya. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne dawo da yardar mai walda.

Amma me ya sa ya faɗa ramin tun farko? Domin bayanin da ya samu cikin harshen da yake tunani da shi ya tsaya a kan "Pai ita ce 22/7". Wani ne ya rubuta ko ya faɗi wannan jimla, ya jefar da kalma ɗaya, "kusan". Wannan aikinmu ne. Yaran Kabo da Gwarzo da suke koyon manhaja a waya suna neman bayani da Hausa, kuma abin da muka rubuta shi za su kwafa, yadda aka kwafi Shanks. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammad bin Muhammad Alkatsinawi ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau ana ambatonsa a tarihin lissafi. Shi da Larabci ya yi nasa. Na Hausa yana jiran mu.

Saboda haka idan za mu rubuta a kan lamba, ko ta kimiyya ce ko ta tarihi, mu tambayi kanmu abu uku: daga ina ta fito, don wane aiki aka yi ta, kuma daidai ce ko kusan ce? In kusan ce, mu rubuta kusan.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki zare da faifai ko murfin tukunya, ya auna faɗi da kewaye, ya raba kewayen da faɗin, ya rubuto mana abin da ya samu da yadda ya yi, cikin layin da bai wuce goma ba, da Hausar da kakarmu za ta gane. Masu sani a cikinmu kuma, inda muka yi tuntuɓe a gyara mana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.